Kuɗin Bincike da Amanar Ilmi: Sharhi a kan Mas'alar Bindiga a Amurka

A shekarar 2021, bisa ga ƙididdigar hukumar da ke lura da cututtuka da hanyoyin rigakafinsu a ƙasar Amurka, wadda aka fi sani da CDC, mutum 48,830 ne ajalinsu ya zo ta bakin bindiga a wannan ƙasa, waɗanda daga cikinsu 26,328 su ne suka kashe kansu da ita, 20,958 kuma wasu ne suka harbe su, ragowar kuwa ko dai tsautsayi ne, ko harbin jami'an tsaro, ko abin da ba a iya tantancewa ba. Duk mai hankalin da ya ji wannan adadi, sa'an nan ya tuna cewa ƙasar da ake magana a kanta ita ce ta fi kowace ƙasa a duniya zuba dukiya a binciken lafiya, har da wuya a sami wata cuta da ba a ɗora mata malamai da ɗakunan gwaji ba, lalle zai zaci babu wata mas'ala da aka tsefe kamar wannan. Alhali kuwa abin da ya auku akasin haka ne, domin tun daga 1996 har zuwa ƙarshen 2019 Majalisar Dokokin Amurka ba ta ware wa wannan hukuma wani kuɗi na musamman don nazarin ɓarnar bindiga ba, kuma hujjar da aka kafa ita ce gudun kada a ɗauki dukiyar jama'a a ciyar da bincike mai son zuciya. Wannan hujja ce nake nufin in ɗora a ma'auni, domin a cikinta akwai gaskiyar da bai kamata a tauye ba, akwai kuma kuskuren da ya ci rayukan da Allah kaɗai Ya san adadinsu.

Asalin rigimar tsoho ne. Gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulkin Amurka a 1791 ya ambaci haƙƙin jama'a na mallakar makami da ɗaukarsa, kuma mutanen ƙasar sun rabu biyu a kan fassararsa, wasu na ganin bindiga garkuwar 'yanci ce wadda hukuma ba ta da ikon taɓawa, wasu kuwa na ganin kaya ce mai haɗari da ya wajaba a yi mata ƙa'ida kamar yadda aka yi wa mota da magani. Ɓangaren farko yana da ƙungiya mai ƙarfi da ake kira NRA, wadda aka kafa tun 1871, kuma bindigogin da ke hannun farar hula a ƙasar, bisa ƙiyasin wata cibiya da ke Jeniba mai suna Small Arms Survey, sun kai miliyan 393 a 2017, watau sun fi mutanen ƙasar yawa. A irin wannan hali, ko wane adadi da malami ya fitar ba ya kwana a ɗakin karatu, kashegari za a same shi a bakin 'yan majalisa da lauyoyi, wani na kafa hujja da shi, wani na neman hanyar rushe shi.

Abin da ya hura wutar shi ne wani nazari da likita Arthur Kellermann da abokan aikinsa suka buga a 1993 cikin wata fitacciyar mujallar likitoci, da tallafin CDC. Sun bi gidajen da aka yi kisan kai a cikinsu a yankunan birane uku, watau Memphis da Seattle da Cleveland, suka gwada su da gidajen maƙwabta masu kama da su ta fuskar shekaru da jinsi da launin fata, sa'an nan suka yanke cewa ajiye bindiga a gida yana tafe da ƙarin haɗarin kisa har ninki 2.7, kuma galibi ta hannun dangi ko makusanci. Masu suka sun kawo ishkali mai nauyi, suka ce la'alla mutumin da ya riga ya san ana farautarsa ne ya je ya sayi bindiga, saboda haka haɗarin ne ya jawo bindigar, kuma nazarin bai tabbatar da cewa bindigar gidan ce aka yi kisan da ita ba. Wannan suka ce ta ilmi, wadda maganinta shi ne a sake wani binciken da ya fi na farko tsauri. Amma a shekara ta gaba Mark Rosenberg, shugaban sashen hukumar mai kula da raunuka, ya furta wa wata jarida cewa ya kamata a sauya yadda jama'a ke kallon bindiga kamar yadda aka sauya yadda suke kallon taba sigari, kuma a ganina wannan furuci bai dace da mai riƙe da amanar bincike ba, domin ya ba wa masu tuhuma dalilin cewa an riga an yanke hukunci tun kafin a saurari shaidu. Wajibi ne mai insafi ya yarda cewa koke-koken masu bindiga ba a kan iska suka tsaya ba.

Sai dai maganin da aka kawo ya fi cutar muni. A 1996 wani ɗan majalisa daga jihar Arkansas, Jay Dickey, ya sa aka cusa jumla guda cikin dokar kasafin kuɗi, wadda ta hana a yi amfani da kuɗin sashen wajen kira zuwa ga ƙuntata mallakar bindiga, sa'an nan majalisar ta zare dala miliyan 2.6 daga wannan fanni, daidai abin da aka kashe a nazarin bindiga a shekarar da ta gabata, aka karkatar da shi zuwa binciken raunin ƙwaƙwalwa. Lafazin dokar bai haramta bincike ba, amma ma'aikacin gwamnati ba ya buƙatar a yi masa tafsiri idan ya ga an cire masa adadin da ya yi daidai da laifin da ake zarginsa da shi, kobo bai ƙaru ba, kobo bai ragu ba. Rosenberg ya rasa muƙaminsa a 1999, aka faɗaɗa sharaɗin zuwa cibiyoyin binciken lafiya na ƙasa a kasafin 2012, manyan malamai kuma suka shiga gargaɗin almajiransu da su nemi wani fanni idan suna son su ci abinci da ilminsu. Da wasu malamai biyu suka zauna a 2017 suka gwada abin da ake kashewa a kan manyan musabbaban mutuwa a ƙasar, sun tarar cewa bindiga ta sami kashi 1.6 cikin ɗari ne kacal na abin da ya kamata ta samu gwargwadon rayukan da take ci, kuma cutar gurɓacewar jini, wadda mamatanta suka yi kusan daidai da na bindiga, ta ninka ta a kuɗin bincike fiye da sau ɗari.

Ba kuɗi kaɗai aka toshe ba, har da maɓuɓɓugar bayanai, kuma wannan ya fi ciwo. Wata doka ta 1986 ta hana gwamnatin tarayya ajiye rajistar masu bindiga, saboda haka ofishin da ke bin sawun bindigogin da aka kama a wajen laifi, wanda ke garin Martinsburg, ba a yarje masa ya tsara takardunsa a kwamfuta yadda za a iya neman mutum da sunansa ba. Daga 2003 kuma wani sharaɗi da ɗan majalisa Todd Tiahrt ya kawo ya taƙaita bai wa masu bincike da sauran jama'a bayanan wannan bin sawu. Ƙasar da tun 1975 take rubuta ko wane haɗarin mota da aka rasa rai a cikinsa, da irin motar da halin hanyar da halin direban, har ta gina ilmin da ya rage mace-macen hanya ƙwarai da gaske, ita ce ba ta sami tsarin tattara cikakken bayanin mace-macen tashin hankali a dukkan jihohinta hamsin ba sai 2018.

To, da gwamnati ta janye hannunta, filin bai zauna wofi ba, masu hannu da shuni ne suka shigo, kuma ba a sami mai zuba dukiyarsa a wannan fage ba face yana da ra'ayi a kansa. Gidauniyar Joyce ta birnin Shikago, wadda Barack Obama ya zauna cikin amintattunta daga 1994 zuwa 2002, ta zama uwar ɗakin masu nazari da yawa. Attajiri Michael Bloomberg, wanda makarantar kiwon lafiyar jama'a ta Jami'ar Johns Hopkins ke ɗauke da sunansa saboda yawan abin da ya ba ta, shi ne kuma ya sa dala miliyan 50 a 2014 wajen kafa ƙungiyar Everytown mai fafutukar tsaurara dokokin bindiga. Likita Garen Wintemute na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis kuwa, da ya rasa mai tallafa masa, sai ya zuba fiye da dala miliyan ɗaya daga aljihunsa don kada cibiyarsa ta rufe. A ɗaya ɓangaren, gidauniyar NRA ta ba da dala miliyan ɗaya a 2003 don kafa kujerar farfesa a kan gyara na biyu a Jami'ar George Mason, bayan shekaru ana tallafa wa lauyoyi masu rubuta maƙaloli a kan cewa mallakar bindiga haƙƙin ɗaiɗaikun mutane ne, ra'ayin da Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2008 da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu. Ita ma Joyce ta ɗauki nauyin fitowa ta musamman ta wata mujallar shari'a a 2000 wadda ta tara masu akasin wannan fahimta. Natijar dokar da aka kafa don tsare bincike daga ta'assubanci ita ce ta miƙa shi kacokan ga masu ta'assubanci, har ya zama ko wane ɓangare, in an kawo masa nazarin da bai yi masa daɗi ba, ba ya wahalar da kansa da karanta shi, illa iyaka ya nemi sunan wanda ya biya, ya ce ai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, shi ke nan an rufe bahasi.

Shin wannan tuhuma ta isa hujja? Magabatanmu sun fuskanci mas'ala mai kama da wannan, kuma sun yi mata tafsili wanda ya fi na 'yan siyasar zamani zurfi. A fiƙihu ba a karɓar shaidar wanda zai jawo wa kansa amfani da ita ko ya tunkuɗe wa kansa cuta, haka nan shaidar maƙiyi a kan maƙiyinsa, domin alƙali bai halarci abin da ya faru ba, ba shi kuma da hanyar maimaita shi, amanar mai shaida ita ce dukkan jarinsa. Amma malaman hadisi, da yake suna da hanyar gwada riwaya da riwaya, sun fi buɗe ƙofa. Sun yi saɓani a kan mai karɓar lada don ya karantar da hadisi: Imamu Ahmad ɗan Hambali da Ishaƙa ɗan Rahawaihi sun ƙi a ɗauka daga gare shi, alhali Abu Nu'aimu Fadlu ɗan Dukaini, malamin Buhari, yana karɓa saboda lalurar iyali, kuma ba a zubar da riwayarsa ba. Buhari ya fitar da hadisin Imrana ɗan Hiɗɗana duk da an san shi da ra'ayin Hawarijawa. Abin da suka dogara a kansa shi ne bin diddigi, a tattaro hanyoyin hadisi a ga ko mai riwaya ya dace da amintattu ko ya kaɗaita da abin da ke ƙarfafa ra'ayinsa, in ya kaɗaita a tsananta bincike. Nazarin ƙididdiga ya fi kusa da wannan babi na biyu, domin muddin an ajiye alƙaluman a fili, abokin hamayya na iya sake lissafin da kansa. Tuhuma tana wajabta a duba, amma ba ta yanke hukunci a madadin dubawar.

Tarihin wannan fage ya gaskata haka fiye da sau ɗaya. A 1997 masanin tattalin arziki John Lott da abokinsa David Mustard sun fitar da nazarin da ya yi da'awar cewa jihohin da suka sauƙaƙa wa mutane lasisin yawo da bindiga a ɓoye sun sami raguwar manyan laifuka, Lott kuma ya faɗaɗa shi ya zama littafi a 1998. Nan da nan abokan hamayya, ciki har da ɗan majalisa Charles Schumer, suka ce ai muƙamin da yake riƙe da shi a Jami'ar Shikago na gidauniyar Olin ne, dukiyar Olin kuwa daga sana'ar harsashi ta samo asali. Wannan zargi bai tsaya da ƙafarsa ba, domin gidauniyar dabam take da kamfanin, tana tallafa wa irin waɗannan muƙamai a jami'o'i da dama, kuma jami'a ce ke zaɓen wanda za ta ba. Abin da ya raunana da'awar Lott wani abu ne dabam: ya ba da alƙalumansa ga masu nema, wanda abin yabo ne a gare shi, sai Ian Ayres da John Donohue da waɗansu suka ƙara shekaru a kan lissafin, suka ɗan sauya ƙa'idojinsa, suka ga natijar tana jujjuyawa. A 2004 kwamitin majalisar bincike ta ƙasa ya sake lissafin ya ce hujjar ba ta isa a ce dokokin sun rage laifi ko sun ƙara ba, mutum ɗaya kawai, James Q. Wilson, ya saɓa game da kisan kai. Daga baya, da shekaru suka taru, Donohue da abokan aikinsa suka fitar a 2019 cewa bayan shekara goma irin waɗannan dokoki suna tafe da ƙaruwar laifukan ƙarfi da kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari. Shekara ashirin ana wannan munazara, kuma ko taƙi ɗaya na ci gaban da aka samu bai zo ta hanyar ambaton sunan Olin ba.

Ɗaya ɓangaren ma ya ɗanɗana irin tasa. A 2000 masanin tarihi Michael Bellesiles na Jami'ar Emory ya wallafa littafi yana da'awar cewa bindiga ba ta yawaita a hannun Amurkawan farko ba, yana kafa hujja da takardun rabon gado, masu son ƙuntata bindiga suka karɓe shi hannu bibbiyu, aka ba shi lambar Bancroft, wadda ke cikin mafi daraja a fannin tarihin ƙasar. Babu wani kamfani da ya saye shi. Son a ce abin gaskiya ne ya rufe idanun masu bita. Waɗanda suka tona asirin su ne Clayton Cramer, mai rubuta manhajar kwamfuta kuma sanannen mai kare haƙƙin bindiga, da farfesan shari'a James Lindgren, waɗanda suka koma ga takardun asali suka tarar lissafin bai dace ba, har da takardun San Faransisko da ya ce ya duba alhali sun ƙone tun gobarar girgizar ƙasa ta 1906. A 2002 ya ajiye aikinsa, aka kuma janye lambar. A nan mai ra'ayi ne ya yi wa ilmi hidima, domin shi ne ya damu har ya je ya buɗe kundin da masu yarda ba su ga dalilin buɗewa ba.

Akwai kuma saɓanin da kuɗi ba shi da hannu a cikinsa ko kusa. Gary Kleck da Marc Gertz sun tambayi mutum wajen dubu biyar ta wayar tarho, suka fitar a 1995 cewa Amurkawa na kare kansu da bindiga kimanin sau miliyan 2.5 a shekara, alhali ƙididdigar gwamnati ta waɗanda aka yi wa laifi tana ba da tsakanin dubu sittin da dubu ɗari. Kleck ba ɗan NRA ba ne, hasali ma yana siffanta kansa da ɗan jam'iyyar Dimokurat mai sassaucin ra'ayi. Illar tana cikin hanyar awo. David Hemenway na Jami'ar Habad ya nuna cewa idan abu nadiri ne, to ko mutum ɗaya cikin ɗari ya yi ƙari ko ya rikita shekara, in an ninka shi da yawan baligan ƙasar sai ya haifi miliyoyi. Kleck kuma ya mayar da cewa ƙididdigar gwamnati ba ta tambayar kowa batun kare kai sai wanda ya fara cewa an yi masa laifi, kuma mutum ba ya sakin baki ga ma'aikacin hukuma a kan bindigar da wataƙila ba ta da lasisi. Kowannensu yana da rabo daga gaskiya, kuma tazara mai faɗi haka, wadda bincike mai wadataccen kuɗi zai iya rage ta, ta zauna shekara talatin ba a cike ta ba.

Kada mai karatu ya fahimci cewa ina wanke kuɗi daga dukkan zargi. An tabbatar a fagen magunguna cewa gwajin da kamfani ya biya ya fi karkata ga yabon maganin kamfanin, kuma labarin yadda masu taba sigari suka kafa kwamitin bincike a 1954 don shuka shakka sananne ne. Amma tasirin kuɗi da wuya ya zo ta hanyar ƙirƙirar alƙaluman ƙarya. Yana shigowa ne tun wajen zaɓen tambaya, da abin da za a auna da wanda za a kau da kai daga gare shi, da natijar da za a kira 'yan jarida a shelanta da wadda za a bari ta kwanta a aljihun tebur. Gidauniyar da burinta doka ne za ta fi son nazarin doka, ba za ta yi ɗokin auna amfanin da mai bindiga ke samu ko wahalar da ƙa'ida ke ɗora masa ba. Ƙungiyar masu bindiga kuwa ba za ta biya a ƙidaya matan da mazajensu suka harbe ba. A tsakanin waɗannan buƙatu biyu aka daɗe ana tauye mas'alar da ta fi kowace yawan mamata, watau masu kashe kansu, alhali an san cewa kusan tara cikin goma na masu yunƙurin haka da bindiga ba sa tashi, kuma da rundunar Isra'ila ta hana sojojinta tafiya gida da bindigoginsu a ƙarshen mako a 2006, adadin masu kashe kansu a cikinta ya ragu da kimanin kashi arba'in cikin ɗari. Irin wannan ilmi bai ƙwace bindigar kowa ba, kuma a jihar New Hampshire masu shagunan bindiga da kansu suka haɗa kai da ma'aikatan lafiya a kansa.

Inda aka tsare sharuɗɗan amana, an ga amfaninsu. Cibiyar bincike ta RAND ta fara bitar nazarce-nazarcen dokokin bindiga da kuɗinta, ta shimfiɗa ƙa'idojin karɓar nazari a fili, ta tace dubban rubuce-rubuce, a 2018 ta ce sittin da 'yan kai ne kawai suka cika sharaɗi, abin da ya nuna girman giɓin da shekarun fari suka bari. A bitocinta na baya ta sami hujja mai ƙarfi cewa dokokin da ke tilasta adana bindiga nesa da yara suna rage mutuwar matasa, kuma dokokin da ke ba mutum izinin harbi ba tare da ya fara neman ja da baya ba suna ƙara kisan kai, amma game da dokoki da yawa da kowane ɓangare ke rantsuwa da su ta ce hujja ba ta isa ba, kuma ba ta ji nauyin faɗin haka ba. Da ta tambayi masana na ɓangarorin biyu, ta tarar saɓaninsu ya fi yawa a kan abin da doka za ta haifar, burinsu kuwa kusan ɗaya ne, watau a rage mutuwa, wanda ke nufin saɓani ne da ilmi zai iya sassautawa. Haka nan a 2018 Wintemute da malaman Johns Hopkins, waɗanda aka san su da goyon bayan binciken tarihin mai sayen bindiga, sun buga cewa dokar Kalifoniya ta 1991 a kan haka ba ta sauya adadin kisa ko kashe kai da bindiga ba cikin shekara goma. Malamin da ya buga abin da ya saɓa wa ra'ayinsa da na masu tallafa masa ya ba da shaidar adalcinsa wadda ta fi kowace rantsuwa.

Shi kansa Dickey ya sauya. Shi da Rosenberg, waɗanda suka fara haɗuwa a matsayin abokan gaba a zauren majalisa, sun zama aminai, har suka rubuta maƙala tare a 2012 suna kira da a dawo da kuɗin bincike, suna cewa ana iya neman hanyar rage mutuwa ba tare da an taɓa haƙƙin masu bindiga ba. Ya rasu a 2017. Bayan kisan yara ashirin da manya shida a makarantar Sandy Hook a 2012 Obama ya nemi dala miliyan goma don bincike, majalisa ta hana. Bayan kisan mutum 17 a makarantar Parkland a 2018 majalisar ta bayyana cewa bincike bai haramta ba. Sai a Disamban 2019 ta ware dala miliyan 25 a raba tsakanin CDC da cibiyoyin lafiya. Amma kuɗin gwamnati ma ba ma'asumi ba ne. A 2022 an ruwaito cewa CDC ta cire alƙaluman kare kai da bindiga daga shafinta bayan matsin masu fafutukar ƙuntatawa, a 2025 kuma sabuwar gwamnati ta sauke sanarwar babban likitan ƙasa a kan bala'in bindiga, ta sallami ma'aikata da yawa daga sashen raunuka. Duka biyun laifi ɗaya ne. Hukuncina shi ne dukiyar jama'a ta fi cancantar ɗaukar wannan nauyi, da sharaɗin a ware ta na shekaru masu yawa yadda sauyin gwamnati ba zai kashe ta ba, malamai su zaɓi wanda za a ba, a rubuta tambaya da hanyar awo kafin a ga natija, a bayyana wanda ya biya, a kuma ajiye alƙaluman inda abokin hamayya zai kai hannu.

Mu ma a Nijeriya mas'alar ta ƙwanƙwasa mana ƙofa. A 2021 gwamnan Katsina na lokacin ya kira jama'a da su tanadi makamin kare kai daga 'yan bindiga, a watan Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta umarci mutanenta da su nemi lasisin bindiga, aka yi ta muhawara a gidajen rediyo da majalisun hira ba tare da wani ingantaccen nazari a hannun kowa ba. Shekaru ana maimaita cewa akwai haramtattun makamai miliyan 350 a Nijeriya, adadin da ya zarce yawan mutanen ƙasar nesa ba kusa ba, alhali ƙiyasin cibiyar Jeniba na 2017 bai wuce miliyan shida da 'yan kai a hannun farar hula ba. Ina kira ga asusun TETFund da gwamnatocin jihohin Arewa da su ware wa jami'o'in Sakkwato da Zariya da Kano da Katsina kuɗi tsayayye don ƙidaya waɗanda ake harbewa, da inda makaman ke fitowa, da abin da ya biyo bayan bai wa 'yan sa-kai bindiga a ƙauyuka, su kuma yi alkawari tun yanzu cewa za su bari a buga sakamakon ko da bai yi musu daɗi ba.